Tsagar da Na Toshe a Kanada

Tun da na dawo daga Kanada ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta bakin kasuwar Karaye, a masallacin garinmu Turawa bayan la'asar, har a wurin ɗaurin aure sai wani ya matso ya tambaye ni ko da gaske gidajensu na katako ne. Na ba da labarin sanyi, na ba da na abinci, amma akwai guda ɗaya da nake kewaye shi. Malam Isiyaku, abokina tun muna fataucin goro, shi ya fara ganewa. Ya ce labarin nan nawa akwai rami a tsakiyarsa. To ga shi na rubuta duka har da ramin, kowa ya karanta in samu lafiya.

Ni ba baƙon tafiya ba ne. Na zauna a Kumasi, na zauna a Abijan da Duwala, na yi shekaru a Omdurman. Ina jin Ashanti da Faransanci da Larabci daidai cin kasuwa. Amma kafin duk wannan ni ɗan magini ne. Mahaifina shi ya gina rabin sorayen unguwarmu, kuma a hannunsa na tashi. Ɗana na fari mai sunansa ne, shi ya sa muke ce masa Abba. Kafinta ne, shekara uku ke nan yana can. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne takardar zamansa a ƙasar ɗaure take da maigidan da ya ɗauke shi aiki. Duk ranar da maigidan ya sallame shi, zamansa ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, ga matarsa Hajara da tsohon ciki.

Bayan an gama cire gyaɗa na shirya kai musu ziyara, na fara zuwa Gwangwan ta ƙasar Rogo, gidan surukaina, in karɓi saƙo. Mahaifiyar Hajara ta haɗa kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yajin jego, mahaifinta Malam Audu ya ƙara da kilishi naɗe a takarda. Da ya rako ni bakin mota ya riƙe hannuna ya ce, "Alhaji, a gaya wa yaron ya riƙe aikinsa da kyau. 'Yarmu ba ta da kowa a can sai Allah sai shi." Na ce in sha Allahu zan faɗa masa.

Tsakanin Rogo da Karaye taya ta fashe, muka sauka muka taya direba sauke buhunan gyaɗa kafin ya kai ga safaya. Daga Karaye na wuce Kano, daga Kano Abuja, jirgi ya ɗauke mu zuwa Kazablanka. A can na gwada Larabcina na Sudan a kan mai sayar da shayi, ya dube ni kamar na karanto masa littafi, ni kuma nasa ban tsinci ko kalma uku ba. Muka koma Faransanci muka rabu lafiya.

A filin jirgin Montiriyal kare ne ya fara yi mini maraba. Ya zo ya zauna kusa da jakata, ya ƙi tashi. Na ratsa iyakoki da yawa, na san jandarman da ke neman na goro da sojan da ke neman fitina, amma ban taɓa haɗuwa da ma'aikacin da ba ya jin magiya irin wannan kare ba. Allah ya taimake ni na riga na rubuta a takarda cewa ina ɗauke da abinci. Matar kwastan ta buɗe daddawa ta ja da baya, ta tambaya ko ta lalace ne. Na ce mata haka take, kamar cukunsu mai wari da na ci a Abijan. Ta yi dariya ta bar mini ita. Kilishin Malam Audu kuwa ta jefa shi a kwandon shara a gabana, wai nama ba ya shiga. Wani jami'i ya tambaye ni ko zan yi aiki a ƙasarsu. Na ce ziyara na zo, shekaruna sun wuce aiki. Ya buga hatimi.

Abba na zaune a wani ƙaramin gari, tafiyar awa biyu daga birnin, a hawa na biyu na wani gidan haya. Bangon idan ka ƙwanƙwasa sai ya amsa kamar ƙwarya. Wanda ke samanmu ina jin takunsa daga gado zuwa banɗaki, na san lokacin da yake tashi, amma har na bar ƙasar ban san sunansa ba. A Kumasi, maƙwabcin da bai gaishe ka da safe ba, to fushi yake da kai. A nan kuwa wanda ya gaishe ka sau biyu a rana sai su ɗauka wani abu yake nema. Hajara ta yi mini tuwon shinkafa miyar kuka, ta kuma ɗanɗana mini wata zuma da suke tatsa daga jikin bishiya. Tana da daɗi, amma ba ta kama ƙafar zumar Falgore ba.

A sati na biyu Abba ya fara kai ni kallon wurin aikinsu, daga bakin hanya. Maigidansa wani dattijo ne mai suna Jilber, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni, ba ya yawan magana. Wannan gidan shi ne na farko da ya damƙa wa Abba shugabancin ma'aikata uku. Sun haƙa rami babba sun zuba masa kankare, ya zama ɗakin ƙarƙashin ƙasa. A kansa suka jera katakai a tsaye da gefensu, kamar yadda muke jera azara, sai dai mu rufi muke yi da ita, su kuwa abin takawa. A kan waɗannan katakan suke shafa gam, su kwantar da manyan faifayen katako, kowanne ya fi ƙyauren ƙofa, su bi da ƙusa. Wannan shi ne daɓen farko. A kansa ake tayar da bango, daga baya a shimfiɗa mai kyau a sama. Abba ya ce sai ma'aikacin hukuma ya zo ya duba kafin su ci gaba, kuma dole su rufe gidan kafin ƙanƙara ta sauko.

Ranar Asabar ba a aiki. Rediyo ya ce ruwa na tafe na kwana uku, Abba ya ce zai je ya rufe daɓen da tamfol, na ce zan raka shi. Da muka isa ya tarar tamfol ɗin da ke wurin ya yage, sai ya je wani gari ya sayo. Na ce ya bar ni a nan, na gaji da mota, zan yi azahar in jira shi. Bai so ba, amma ba ya iya ce mini a'a. Ya tafi.

Bayan na idar da salla na hau daɓen. A nan na ga abin da ban gani daga bakin hanya ba. Tsakanin kowane faifai da ɗan'uwansa akwai tsaga, siririya, tun daga wannan bango har wancan. Na durƙusa na sa farce, ya shige. Na ce yaron nan garaje ya yi, ko ma'aikatansa sun raina shi sun yi masa aikin ha'inci, ga mai dubawa na zuwa ranar Alhamis. Na ɗaga kai, ga hadari ya haɗu baƙi ƙirin.

Wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san abin da hannunsa ke yi idan ya ga tsaga ga hadari. Kowace shekara kafin ruwan fari mahaifina kan hau da mu kan soro, mu bi rufin da rarrafe, duk tsagar da ta kai kaurin tsinke mu cusa mata ƙasa mu shafe. Yakan ce soro ba ya faɗuwa da ruwan sama, da tsaga yake faɗuwa. Ban yi shawara da kowa ba, don ban ga abin shawara ba. Akwai tarin garin katako inda suke yanka, ga jarkar gam a cikin akwatin kayan aiki. Na tuna yadda kafintocin Kumasi ke kwaɓa su biyun su cike ɓarakar tebur. Na naɗe hannun riga, na kwaɓa a bokiti, na bi tsagogin nan da bakin wuƙa ina dannawa ina shafewa. Awa biyu da wani abu ina durƙushe, gwiwoyina na kuka, raina fari tas. Na gama rabin daɓen gam ya ƙare. Na wanke hannu, na mai da komai inda yake.

Abba ya dawo an fara yayyafi. Muka ja tamfol a gurguje, bai dubi ƙasa ba, ni kuma ban faɗa masa ba. Nufina kada in kunyata shi. Uba ya gyara wa ɗansa kuskure a ɓoye, ai ba abin shela ba ne.

Aka yi ruwa Lahadi da Litinin ba ƙaƙƙautawa, da iska. Ranar Talata ya tafi aiki, ya dawo kafin magariba. Ya gaishe ni kamar kullum, ya tambayi ko na ci abinci, ya shige ɗaki. Tuwonsa ya huce a kwano. Da na ga Hajara ta fito kicin idonta ja, na kira ta. Ta durƙusa nesa kaɗan, ta ce ba komai. Na ce ta dubi girman Allah ta gaya mini.

Ta ce iska ta yaye tamfol, ruwa ya kwana a kan daɓen. Rabi yana nan lafiya lau. Ɗaya rabin kuwa bakin faifayen ya kumbura ya tashi kamar kunyar dankali, wasu ƙusoshin sun ɗago. Jilber ya durƙusa ya ƙwaƙulo abin da ke cikin tsagar, ya tambayi wanda ya yi wannan. Ma'aikatan suka ce ba su ba ne.

Na ce, shi kuma me ya ce?

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, cewa ya yi shi ne."

Ta ce Jilber ya dube shi ya ce kafintan da bai san dalilin barin tsaga ba bai kamata ya riƙe guduma ba, balle mutane. Ya ce za su yi magana bayan Alhamis. Ta ce Abba ya hana ta gaya mini, don in aka ji baƙo mai takardar ziyara ya taɓa aiki a wurin, laifin ya fi na farko, har shi Jilber ɗin zai iya shiga matsala da hukuma.

An taɓa tsare ni kwana biyu a iyakar Kamaru, an taɓa kwashe mini kaya kaf a hanyar Abijan. Ban ji abin da na ji a wannan maraicen ba. Maganar Malam Audu ta dawo mini. Ni aka aiko in ce wa yaro ya riƙe aikinsa.

Da safe kafin ya gama shiri na riga shi sauka, na tsaya jikin motarsa da babbar rigata da rigar sanyi a sama. Da ya fito ya gan ni ya gane. Ya ce don Allah Baba in koma ciki, zai san yadda zai yi. Na ce ya buɗe mota. Ya ce in na yi magana abin zai ƙara lalacewa, gara a ce masa jahili da a ce ya karya doka. Na ce na ji, ya buɗe. Ya buɗe, muka kama hanya. Ni kaina ban tabbata ba ko gyara zan yi ko ƙarin ɓarna, tunda ranar Asabar ma da niyyar gyara na durƙusa.

Jilber na tsaye a kan daɓen da kofi a hannu. Na tsaya a ƙasa, na gaishe shi da Faransanci. Ya yi mamaki, don da Abba Turanci suke yi. Faransancinsu na can kamar ana magana da goro a baki ne, sai na roƙe shi ya riƙa yi a hankali. Na ce ni ne mahaifin wannan, kuma ni na toshe tsagar, shi bai sani ba sai da ya gani. Na nuna masa ƙasan farcena, har lokacin akwai gam.

Ya dubi farcen. Ya juya ya kalli Abba, Abba na kallon ƙasa. Sannan ya ce, "Me ya sa?"

Na ba shi labarin soro da ruwan fari da mahaifina. Na ce a garinmu mutumin da ya ga tsaga a ginin ɗansa ya wuce, ba uba ba ne. Bai yi dariya ba, bai kuma sassauta fuska ba. Ya ajiye kofin, ya zaro ƙusa daga aljihu, ya kira ni gefen da ban taɓa ba. Ya zura ƙusar a tsagar, ta shiga da ƙyar. Ya ce ranar da suka shimfiɗa, da wannan ƙusar suka auna kowace tsaga, tana shiga cikin sauƙi. Katako yana shan ruwa ya kumbura, ya bushe ya koma. In bai samu wurin miƙewa ta gefe ba, sai ya miƙe sama. Ya ce tsagar ita ce aikin.

Na ce na fahimta. Na ce laifin nawa ne, in akwai hukunci a yi mini, in ma barin ƙasar ne gobe zan bar ta.

Ya ce ba ni ya ɗauka aiki ba. Ya juya ga Abba da Turanci, muryarsa ƙasa-ƙasa, na tsinci abin da na tsinta, sauran Hajara ta cike mini daga baya yadda ta ji daga bakin Abba. Ya ce abu biyu ne: Abba ya bar mutum shi kaɗai a wurin da rami ke ƙarƙashi, da ya faɗa fa? Sannan ya dube shi ido da ido ya yi masa ƙarya. Abba ya ce a wurinmu ɗa ba ya nuna ubansa da yatsa a gaban mutane. Jilber ya ce a wurinsa kuma ba ya iya barin gida a hannun wanda bai san lokacin da yake faɗa masa gaskiya ba. Ya ce yanzu dai daɓe tukuna, mai dubawa gobe da ƙarfe goma.

Ni kuma ya nuna mini bakin hanya, bayan igiyar da suka kewaye wurin da ita. Ya ce daga nan zan yi kallo, kada in taɓa ko tsinke.

A kan wani kututture na wuni. Suka daidaita zarton lantarki daidai kaurin faifan don kada ya ci katakan ƙasa, Abba ya durƙusa yana bin layin da na bi ranar Asabar, yana yanke abin da na cusa. Zarton na kuka, hayaƙi na tashi, sau biyu suna canza masa baki. Faifai uku sun lalace, sai da aka ɓamɓare su da ƙarfe aka sa sababbi. Sauran suka bi bakinsu da injin gogewa. Na ga wurin da wani ma'aikaci ya bar guduma a bakin rami, bakina ya buɗe zan yi magana, na rufe shi. Da rana wani daga cikinsu ya kawo mini shayi da burodi, ya ce da Faransanci, "Kaka, an ce kai ne injiniyan." Sauran suka yi dariya. Na karɓa na yi godiya, don na cancanci wannan.

Ranar Alhamis na sake bin sa, bai hana ni ba. Mai dubawar wata mata ce da ba ta wuce sa'ar Hajara ba, da hular kwano da allo a hannu. Ta sauka ɗakin ƙasa ta daɗe tana haska katakan da tocila. Ta hau sama ta bi daɓen taku-taku, tana tsayawa tana danna ƙafa. Da ta zo rabin nawa ta durƙusa, ta shafa wurin da aka goge, ta ɗora doguwar sandar awo, ta leƙa ƙarƙashinta. Ta tambayi Jilber wani abu. Daga inda nake ba na ji, sai bakina da ke ta motsi da duk addu'ar da na sani. Jilber ya amsa gajere, ya nuna sama, ya nuna Abba. Ta ƙara dubawa, ta miƙe, ta rubuta, ta miƙa masa takarda.

Bayan ta tafi ya zo har bakin igiya. Ya ce ta amince. Ya ce ta tambayi abin da ya faru, ya ce mata ruwa ya shiga, wannan ya gyara, kuma ba ƙarya a ciki. Ya ce Abba na nan a aikinsa, takardarsa ba abin da zai taɓa ta. Amma shugabancin wannan gidan ya karɓe ya ba wani, sai ya ga yadda hali ya yi zuwa bazara. Na so in roƙa, na ga ba fuska, kuma na san ba ni da bakin roƙo. Sai ya sa hannu a aljihu ya miƙo mini ƙusar nan ta bisa igiya, ya ce in kai wa maginan garinmu tsaraba.

Na ƙara wata guda da rabi. Hajara ta sauka lafiya, mace, yajin Gwangwan ya yi amfani. Na ga ƙanƙara, na ga an rufe gidan kafin ta sauko. Kullum Abba na fita aiki a ƙarƙashin wanda da yake ba umarni, ya dawo ya gaishe ni ya tambayi ko na ci abinci. Ko sau ɗaya bai ɗaga maganar ba. Ni ma na nemi hanyar da uba ke ba ɗan fari haƙuri, a cikin harsuna huɗu ban samu ba.

Sai a filin jirgi, bayan an auna kaya, na ce masa, "Abba, na ja maka."

Ya gyara mini wuyan rigar sanyi, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Baba, aikin naka fa ya kamu. Bakin zarto biyu ya ci."

Da na dawo, kafin in kwana biyu a Turawa na tafi Gwangwan da hotunan jaririya. Malam Audu ya tambaya ko na isar da saƙonsa, yaron na riƙe da aikinsa. Na ce yana riƙe da shi da kyau, har wanda ya zo ƙwace masa bai iya ba. Ya ce wane ne wannan mugun? Na ce a kawo ruwa tukuna, labarin da tsawo. Shi na fara faɗa wa, don shi ya fi kowa haƙƙin ji.

Makon jiya Abba ya bugo waya ya ce Jilber ya ba shi shugabancin wani gidan. Jiya kuma na sa an hau soron zaurena an bi tsagogi an toshe, don hadari ya fara haɗuwa ta gabas, kuma ƙasa ba katako ba ce. Ƙusar tana aljihun gaban rigata tare da carbi. Malam Isiyaku, ga ramin na cike maka. In ka ga wani ramin a labarin, ka bar shi yadda yake.